Shin Gaskiya Ɗaya Ce, Ko Kowa Da Tasa?

"Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Gombe, ina aji uku a jami'a. Muna da wani aboki a majalisarmu ta Tudun Wada, duk gardamar da aka ɗauko, ta siyasa ce ko ta addini ko ta tarihi, sai ya kashe bakin kowa da cewa babu wata tsayayyar gaskiya, kowa daga inda yake tsaye yake hango abu, don haka kowa da gaskiyarsa. Maganar ta fara damuna, domin idan na duba yadda malamai ke saɓani, da yadda masana kimiyya ke faɗar abu yau gobe su janye, sai in ga kamar yana da hujja. To Malam, akwai gaskiyar da ba ta canzawa, ko duk ya danganta ne da mahangar mutum?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tambayoyi biyu ne a cikin tambayarka, sai an raba su kafin a ga bakin zaren. Ta farko: shin abubuwa suna da yadda suke a karan kansu, ko an gan su ko ba a gan su ba? Ta biyu: shin ɗan Adam yana iya kaiwa ga sanin yadda suken, har ya tabbata bai yi kuskure ba? Abokinka yana ɗauko hujjojin da suka shafi ta biyu, wato saɓanin malamai da sauye-sauyen kimiyya, ya yanke hukunci da su a kan ta farko. Ni a wurina gaskiya tana nan tsaye, ba ta jiran ra'ayin kowa, sai dai rabon kowannenmu daga saninta ƙanƙani ne, kuma inda mutum yake tsaye yana da tasiri a kan abin da ya gani. Ni ba malamin falsafa ba ne na jami'a. Na yi karatun tauhidi da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, a zaure, sannan na yi alƙalanci a ƙananan kotunan ƙasar Bauchi har na yi ritaya, kuma kotu ita ce wurin da kullum mutum biyu ke zuwa kowa riƙe da tasa gaskiyar. Daga nan zan yi maka magana.

Ba abokinka ya fara ba

Wani Bagirike mai suna Furotagoras, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce mutum shi ne ma'aunin komai. Iska in ta kaɗa, wanda ya ji sanyi to mai sanyi ce a gare shi, wanda bai ji ba kuma ba ta da sanyi a gare shi, babu wanda ya yi kuskure. Aflaɗon, shahararren malamin falsafa na Girka, ya yi masa raddi mai tsawo. Malamanmu na tauhidi ma sun san masu wannan ra'ayi, suna ce musu Sufasɗa'iyya. Imam Nasafi, wanda ya rasu a 1142, da wannan gardamar ya buɗe littafinsa na aƙida: haƙiƙanin abubuwa tabbatacce ne, saninsu ma tabbatacce ne, saɓanin abin da Sufasɗa'iyya ke cewa. Da Taftazani ya zo yi masa sharhi sai ya kasa su uku. Akwai Inadiyya, masu cewa babu haƙiƙa sam, duk mafarki ne. Akwai Indiyya, masu cewa abu yana zama yadda mutum ya ƙudurta shi. Akwai La'adriyya, masu cewa ba mu sani ba, kuma ko rashin sanin namu ma muna shakka a kansa. Abokinka a cikin na biyun yake.

Amsar da aka saba ba su tun zamanin Aflaɗon mai sauƙi ce. Ka tambaye shi: wannan magana taka cewa babu tsayayyar gaskiya, gaskiya ce a kan kowa, ko a wurinka kaɗai? In ya ce a kan kowa, ya yarda da tsayayyar gaskiya guda ɗaya ke nan, ya rushe maganarsa da bakinsa. In ya ce a wurinsa kaɗai, to ba ta hau kanka ba. Hujja ce ingantacciya, amma ban cika son a tsaya a kanta ba. Tana sa a yi shewa a majalisa, sai dai ba ta cire wa mutum abin da ke damunsa a zuciya. Gara mu fara da wuraren da abokin naka ya yi daidai, domin suna da yawa.

Inda ya yi daidai

In ka taɓa zuwa Yankari ka san ruwan Wikki. Ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wanda ya shiga da sassafe a tsakiyar hunturu, jiki na kaɗawa, zai rantse maka ruwan ɗumi ne kamar an ɗora a wuta. Wanda ya shiga da azahar a bazara, rana ta gasa shi tun daga hanya, zai ce maka ya sami ruwa mai sanyaya jiki. Babu maƙaryaci a cikinsu. Amma lura da abin da kowannensu yake ba da labari a kai: jikinsa ne, da yanayin da ya fito daga ciki. Ruwan bai motsa daga 31 ba. Kuma idan aka faɗi maganar cikakkiya, aka ce ruwan ya yi wa wane ɗumi da safiyar hunturu, to wannan magana gaskiya ce a wurin kowa, har da wanda ya shiga da azahar. Yawancin abin da ake kira "gaskiyata da gaskiyarka" magana ce da aka gutsure, aka bar sunan mai ji da wurin da lokacin a waje. Da zarar an mayar da su ciki, saɓanin ya gushe.

Haka abin yake a ganin wata. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin Kuraibu, wanda ya ga watan azumi a Sham daren Juma'a, da ya dawo Madina sai Ibnu Abbas ya ce masa su daren Asabar suka gan shi, kuma da nasu ganin za su yi aiki. Wata ɗaya ne a sama. Abin da ya bambanta shi ne inda masu duba suke tsaye a doron ƙasa, kuma wannan bambancin kansa abu ne da ake lissafawa. Ɗanɗano da al'ada ma haka suke. Wani fura da nono ce abin sonsa, wani kunun gyaɗa. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, a wasu ƙasashen rashin kiran ne zai zama abin mamaki. Duk wanda ya tsaya gardamar wane ne ke da gaskiya a irin waɗannan, ɓata yawun bakinsa yake.

'Yan boko kan jawo sunan Einstein su ce ai shi ma ya tabbatar komai ya danganta ne da mai kallo. Abin da ya fitar a 1905 ya nuna cewa mutum biyu da ke tafiya da gudu daban-daban za su sami awon lokaci da na tsawo daban. Amma ya gina wannan ne a kan abin da ba ya canzawa ga kowa, wato gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma ya ba da lissafin da za a juya awon wannan ya koma awon wancan. Hujjar ta fi zama a kan abokinka fiye da a gare shi.

Abin da kujerar alƙali ta nuna mini

Akwai wata shari'ar gona da ta taɓa zuwa gabana, tsakanin ɗan wa da ɗan ƙane. Iyayensu sun raba gonar gado tun suna yara. Ɗaya ya tafi Kudu neman kuɗi ya daɗe, da ya dawo sai ya ce ɗan'uwansa ya cinye masa kadada guda. Shi wanda ake ƙara ya ce iyakarsu ƙorama ce tun fil azal, kuma bai taɓa tsallaka ta da garma ba. Mai ƙara ya ce iyakarsu wata ɗorawa ce, yana yaro a gindinta suke shan inuwa in an tashi daga noma. Kowannensu a shirye yake ya dafa Alƙur'ani, kuma da ka dubi fuskokinsu ka san babu mai niyyar zalunci.

Muka ɗaga zama muka je ziyarar gani da ido, da mai unguwa da dattawan da suka halarci rabon. Ƙoramar tana nan, ɗorawa kuwa babu ita. Wani tsoho da kyar yake tafiya da sanda ya ja mu can cikin gonar, ya sa aka share wani wuri, sai ga kututturen ɗorawar, an sare ta shekaru da suka wuce. Kusa da shi akwai wani kwari da yashi ya cike, gamba ta rufe shi, da ragowar cini-da-zugu a jere wanda iyayen suka shuka ranar rabo. Ashe ruwan damina ne ya yi ta cin gaɓa har ƙoramar ta bar tsohuwar hanyarta ta fasa sabuwa ta cikin gonar mai ƙara. Wanda ake ƙara ya bi ruwa shekara bayan shekara, bai san ruwan ne ke tafiya ba. Ya yi gaskiya da ya ce bai tsallaka ƙorama ba. Ɗan'uwansa ma ya yi gaskiya da ya ce gonarsa ta ragu. Amma iyayensu sau ɗaya suka yi rabon, a wuri ɗaya suka ja iyaka, kuma wurin yana nan ko an tuna ko an manta. Da na ce musu kowa da gaskiyarsa, ku tashi ku tafi, da na bar ɗayansu da haƙƙin ɗan'uwansa a hannu.

Ban taɓa ganin wanda aka ci wa gona, ko aka hana sadaki, ko aka riƙe wa bashi, ya zo kotu yana cewa gaskiya ta danganta da mahanga ba. Shi ma abokin naka, ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawa aka rubuta masa maki 35 alhali 65 ya ci, ina tabbatar maka da sassafe za a gan shi a ofishin shugaban sashe yana neman a fito da takardarsa.

Sai dai kada ka ɗauka hukuncin alƙali shi ne gaskiyar. A hadisin Ummu Salama, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya gaya wa masu kawo masa ƙara cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yi hukunci bisa abin da ya ji, to wanda aka yanka wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta ne aka yanka masa. Ka ga an raba abu biyu a nan: abin da aka iya tabbatarwa a gaban alƙali, da abin da yake shi ne ainihi. Duk kayan aikin kotu a kan wannan rabuwar aka gina su. Mai ƙara ya kawo shaida, wanda ya musa ya rantse. Shaidu a bincika adalcinsu. Kafin a yanke hukunci a yi i'izari, a tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Bayan an yanke, ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take. In babu gaskiyar da ake nema, me ake ɗaukaka ƙara a gyara? In kuma alƙali ba ya kuskure, ina amfanin kotun sama? A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari ya ce masa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ya gano ta yau, domin gaskiya daɗaɗɗiya ce, komawa gare ta ya fi dogewa a kan ɓata.

Saɓanin malamai da janyewar masana

Hadisin da ya ce mai hukunci in ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, in ya kuskure yana da ɗaya, ya isa amsa. An yafe wa wanda ya kuskure har an ba shi lada, amma an ce ya kuskure, kuma ba a kuskuren abin da babu shi. Gaskiya ne malaman usulu sun yi saɓani: wasu sun ce kowane mujtahidi ya dace, wasu sun ce ɗaya ne ya dace sauran an yi musu uzuri. Amma ko masu ra'ayin farko sun taƙaita shi ne ga rassan fiƙihu da babu yankakken nassi a kansu, irin gardamar saki da ƙabalu da muka sha fama da ita a masallatanmu. Babu wanda ya ce kaɗaitakar Allah ko wajabcin salloli biyar ya danganta da wanda aka tambaya. Imam Malik ya ƙi yarda halifan Abbasiyawa ya tilasta wa duniyar Musulmi bin Muwaɗɗa, don ya san sahabbai sun watsu a garuruwa kowa da abin da ya riƙe na ilimi. Wannan sanin iyakar kai ne, ba musun gaskiya ba.

A kimiyya ɗauki olsa. Shekaru da yawa likitoci suna ɗora laifin gyambon ciki a kan damuwa da yawan sinadarin narkar da abinci. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa. Aka ƙi yarda da su, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu da ciwon ciki don ya nuna. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Ƙwayar tana cikin tumbin mutane tun kafin a haifi Marshall, littafin likita ne aka gyara. Abin da ya tilasta gyaran kuwa shi ne marasa lafiya da suka warke da maganin kashe ƙwayar, abin da babu ra'ayin farfesan da zai iya hanawa.

Tarihi ya fi wuya, kuma a nan ne abokinka zai fi samun wurin tsayawa. Ga misali a ƙofar gidanku. A watan Yuli na 1903, a Burmi da ke yankin Bajoga, sojojin Ingila suka yi yaƙi da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya baro Sakkwato ya nufi gabas. Aka kashe shi a nan, shi ma kwamandan Turawan, Manjo Marsh, ya mutu a wurin. Rahotannin Turawa sun rubuta abin a matsayin murƙushe masu tayar da ƙayar baya. Mu kuwa hijira muke cewa, da shahada. Wanda ya rubuta tarihi yana zaɓar abin da zai faɗa da sunan da zai ba shi, kuma mai bindiga ya fi samun damar rubutawa. Duk da haka akwai abin da alƙalamin kowa bai isa ya taɓa ba: an yi yaƙin, a Burmi aka yi, Attahiru ya rasu a can, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, zuriyarsu na can har yau. Kuma da waɗannan tabbatattun abubuwan ne muke iya cewa wancan rahoton ya yi son kai. In kowa da gaskiyarsa, to Bature ma da tasa, ba mu da bakin cewa ya yi mana ƙarya.

Ba duk sani ne daraja ɗaya ba

Wanda ya karanta Ummul Barahina ta Imam Sanusi da sharhinta ya san hukunci iri uku ne: na hankali, na al'ada, na shari'a. Na hankali shi ne wanda kishiyarsa ba ta ma shiga kai, kamar a ce abu ɗaya yana nan kuma ba ya nan a lokaci guda ta fuska guda. Na al'ada shi ne wanda maimaituwa ta koya mana, kamar wuta tana ƙuna, kuma kimiyya kusan duk a nan take zaune, shi ya sa take karɓar gyara. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi kusan wata biyu. Ya lura ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro kamar ɗan dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Amma irin yaƙinin da yake nema, in ji shi, shi ne irin sanin cewa goma ta fi uku, wanda ko wani ya mayar da sanda maciji a gabansa don ya musa, sai dai ya yi mamakin dabararsa, ba zai yi shakkar lissafin ba. Kuskuren abokinka shi ne ya zuba waɗannan duka a ma'auni ɗaya: da ya ga ido yana ruɗuwa, likita yana janyewa, sai ya ce goma da uku ma ra'ayi ne.

Zan faɗa maka kuma abin da nake zaton ya kai matasa irinsa ga wannan magana. Sun gaji da mutanen da ke ɗaukar fahimtarsu ita ce gaskiyar kanta, wanda ya saɓa musu a mas'alar reshe sai a hau mumbari a fitar da shi daga addini, wanda ya saɓa a siyasa a ce an saye shi. To shi mai wannan hali da abokin naka, wuri ɗaya suka yi tuntuɓe: dukansu sun haɗe gaskiya da abin da ke cikin kan mutum. Ɗaya ya ce abin da ke kaina shi ne gaskiya, ɗaya ya ce abin da ke kan kowa shi ne gaskiya.

Inda maganata ta tsaya

Duk abin da na faɗa yana nuna akwai gaskiya ne, bai nuna a hannun wa take a kowace gardama ba. Wannan sai an bi mas'ala ɗaya bayan ɗaya da irin hujjar da ta dace da ita, kuma akwai shari'un da shaidu sun mutu, takarda babu, alƙali ya yi hukunci da rantsuwa ya bar sauran ga Allah. A fagen kyau da muni ma ba a auna su da ma'aunin zafi kamar ruwan Wikki. A cikin mazhabobin tauhidi, Ash'ariyya sun ce shari'a ce ke tabbatar da abin da ake ba da lada ko azaba a kansa, Mu'utazila sun ce hankali yana gane shi da kansa, amma babu ɓangaren da ya ce binne 'ya mace da rai ya zama daidai don Larabawan jahiliyya sun saba da shi. Wanda bai yarda da wahayi ba, kuma ya ce shi bai ga muni a zalunci ba, manɗiƙi kaɗai ba zai tilasta masa ba, sai dai ka jira ranar da aka zalunce shi ka ji abin da zai ce.

Na san kuma akan kawo "kowa da gaskiyarsa" da kyakkyawar niyya, don a zauna lafiya, musamman a jihohi irin namu da Musulmi da Kirista ke aji ɗaya, kasuwa ɗaya, wani lokaci gida ɗaya. Amma Musulmi ya ce ba a gicciye Annabi Isa ba, Kirista ya ce an gicciye shi, kuma maganganun nan biyu ba za su zama gaskiya tare ba. Abokin karatunka ɗan Kaltungo ko Billiri da ya riƙi addininsa da gaske, ba zai ji daɗi ka ce masa imaninsa kamar zaɓin fura ne da kunu ba, kamar yadda kai ma ba za ka ji ba. Na yi aiki da irinsu shekaru, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya yi imani da shi kuma bai yarda da shi ba, amma amana da gaisuwar mutuwa da biyan bashi ba su taɓa tsayawa saboda haka ba.

In ya sake ɗauko maganar a majalisa, kada ku bi shi can sama. Ku dawo da shi kan abin da ake gardama, ku tambaye shi wannan ɗin wane iri ne: ɗanɗano ne, al'ada ce, abu ne da ya faru a wuri da lokaci, ko hukuncin shari'a ne, sannan wace hujja ce in aka kawo zai janye. Kai kuma ka nemi malami a nan Gombe ya biya maka Sullam, ɗan littafin manɗiƙi ne a waƙe, wanda ya rubuta Ahalari da ka karanta kana yaro shi ya rubuta shi, daga nan ka wuce Ummul Barahina da sharhinta.